"Ba a san shi ba": nazarin lamarin wani mai niƙa a Zangon Kumasi

Ranar da aka yanke masa hukunci ina zaune a benci na biyu, kusa da gwaggon yarinyar, ina raɗa mata abin da ake faɗa da Hausa. Alƙali ya gama karanta cewa an same shi da laifin lalata yarinyar, ya ɗago kai ya tambayi ɗan sanda mai gabatar da ƙara ko an san mutumin da wani laifi a baya. Ɗan sandan ya miƙe, ya leƙa fayil, ya ce ba a san shi ba. Nan take lauya ya cafke maganar: laifin farko ne, a yi masa sassauci. Sai na ji dogon tsaki daga bayanmu. Magajiyar unguwarmu ce. Da muka fito ta kamo gefen mayafina ta ce, "Malama, me ya ce? Ba a san shi ba? Su wa ke nan ba su san shi ba?"

Ni malamar makaranta ce, kuma ina cikin matan da ke raka iyalai caji ofis da asibiti da kotu, musamman iyayenmu da Turanci da Twi ba su zauna a bakinsu ba. Na cire sunaye da sunan unguwa daga wannan rubutu. Abin da ya dame ni a lamarin shi ne lissafi: mutum ɗaya, 'yan mata uku, amma littafin hukuma ya ce ɗaya.

Mutumin ya ba shekara 30 baya kaɗan, aikinsa injin niƙa. Wanda ya tashi a Zango ya san abin da niƙa take nufi. Gidan da ake sayar da koko, da gidan masa, da gidan tuwo, duk yara mata ake aikawa, ko da asubar fari ko bayan Magariba. Ɗakin injin duhu gare shi, ƙarar injin kuwa ko ihu aka yi ba mai ji a waje, ga ɗan lungun da ake jibge buhuna a baya. Dabararsa ɗaya ce duk sau ukun: ya ture robar yarinya gefe ya ce ta jira, nata ne na ƙarshe.

Ta farko: zaure

Shekararta 13. Uwarta ta lura ne da ta fara ƙin zuwa niƙa, ko an dake ta sai dai ta tsaya tana kuka. Da magana ta fito, aka zauna bayan Isha a zauren mai gidan hayar: liman, kawun yarinyar, mai injin, da wani dattijo daga dangin mutumin. Uwar tana daga soron ciki tana saurare, ita ta ba ni labarin bayan shekaru, lokacin da aka kama shi kan ta ukun.

Kalmomin da aka yi amfani da su a daren duk mun san su. A rufa asiri. Maganar gida ce. In ta je gaban 'yan sanda ta shiga rediyo, wa zai aure ta? Dattijon ma sai da ya jefa tasa, wai in ɓera da sata, daddawa ma da wari, a kan 'yar shekara 13. Mutumin ya durƙusa ya ce sharrin Shaiɗan ne, ya biya kuɗin magani, mai injin ya sallame shi. Aka shafa Fatiha. Cikin mako guda ya sami wani injin a wani Zangon, tafiyar trotro (motar haya) ɗaya.

A doka wannan zaman ba shi da gurbi. Sashe na 73 na Dokar Kotuna ta 1993 ya yarda a yi sulhu a ƙananan laifuka kawai, manya irin fyaɗe da lalata yara ba sa ciki. Amma ba zan zauna nan in mayar da mahaifinta wawa ba. Ya auna ne: ranakun da zai bar sana'a yana jeka-ka-dawo a kotu, 'yarsa a tsaye gaban baƙi tana amsa tambayoyin da ko uwarta ba ta iya yi mata ba, da bakin unguwa wanda ba ya mantuwa. Ya ɗauki abin da ya ga ya fi sauƙi. Nauyin sai ya faɗa kan wasu gidajen da bai sani ba.

A asibiti babu kati, don a kantin magani aka saya mata ƙwayoyi. A caji ofis babu layi ko ɗaya.

Ta biyu: takardar da ba a sa wa hannu ba

Bayan kamar shekara biyu. Wannan 'yar kayayo ce, wato mai dakon kaya a ka, daga Arewacin Ghana, ta ɗauko wa wata mai tuwo masara daga kasuwa zuwa injin. Ita kam ta kai ƙara, magajiyar 'yan kayayen da take kwana a ɗakinta ta raka ta washegari. A nan ne aka fara cin karo da abin da masu ƙididdiga ba sa gani daga ofis.

Tambayar farko: shekarunki nawa? Ta ce an ce mata 17. Magajiyarta ta ce ƙarya ne, ba ta wuce 15 ba, ƙara wa kanta take yi don kada a ce ta yi ƙanƙanta da ɗaukar kaya. Takardar haihuwa babu, katin awon jarirai yana can ƙauye, in ma an taɓa yi.

Wannan shekara ɗaya ko biyu ba ƙaramin abu ba ne. A Dokar Laifuka ta 1960, wadda ake kira Doka ta 29, kamar yadda aka gyara ta a 1998, shekara 16 ita ce iyaka. In yarinya ba ta kai ba, sashe na 101 ne, lalata yaro ko yarinya, ba a ma tambayar ko ta yarda, hukunci ɗaurin shekara 7 zuwa 25, kuma kotun Sakit na iya sauraro da alƙali ɗaya. In ta kai 16, fyaɗe ne, ɗaurin shekara 5 zuwa 25, sai an tabbatar ba da yardarta ba ne, sai fayil ya je ofishin Antoni-Janar, sannan Babbar Kotu da juri mutum 7. Aiki ɗaya, a ɗaki ɗaya, amma ranar haihuwar da ba wanda ya rubuta ita ke zaɓar shafin da za a sa shi da hanyar da zai bi.

Aka ba ta fom ɗin 'yan sanda ta kai wa likita ya duba ta ya cike. A wani asibiti aka faɗa musu kuɗin cikewa. Magajiyar ta kwance bakin zaninta ta ƙirga abin da ke ciki, ta sake ƙirgawa, suka juyo. Dokar Cin Zarafi a Cikin Gida ta 2007 ta yi maganar magani kyauta ga wadda aka zalunta, amma kuɗin fom ya daɗe yana tare mutane a ƙofa. A 2020 'yar fim Ama K. Abebrese ta jagoranci koke a soke shi, lokacin ana maganar sidi 300 zuwa 800. Ga mai ɗaukar kaya a ka, wannan guminta ne na makonni.

An tsare mutumin, aka ba da belinsa. Damina ta faɗi, aka aiko yarinyar ta koma gida noma. Mai ƙara ta tafi, shaidar likita babu, fayil ya yi barci.

Sai wani abu da ya fi ba ni haushi, don ƙarami ne ƙwarai. Sunan da aka rubuta masa a wancan caji ofis ba shi ne wanda aka gurfanar da shi da shi daga baya ba. Bai ma yi ƙarya ba. A can ya fara da sunan mahaifinsa, a nan ya fara da nasa, kowane ɗan sanda kuma ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Mu nan mun saba: Abubakar ɗaya zai zama Bukari a makaranta, Abubakari a katin inshorar lafiya, Bukar a wurin aiki. A unguwa kuwa ba mai kiransa da ko ɗaya, laƙabi gare shi. Don haka ƙarar ta shiga jimillar shekara, an ƙirga ta, amma ba ta manne a jikinsa ba.

Ta uku

Shekararta 12, gwaggonta ke riƙon ta, 'yar kasuwa ce a Kejetia, irin matan da ba a taka su a wuce. Ba ta tsaya neman shawarar kowa ba, ta ja yarinyar sai Waju. Haka iyayenmu ke kiran sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafin mata da yara har gobe, ko da yake WAJU ɗin da aka kafa a 1998 an sauya masa suna zuwa DOVVSU tun 2005. Katin awon yarinyar na cikin akwatinta, ranar haihuwa a rubuce. 'Yan adashinta suka ba ta kwasar watan tun layinta bai zo ba, aka biya likita.

An yi ta ɗaga shari'ar, ta haura shekara. Tawaga uku suka zo mata da goro. "Hajiya, ki yi wa Allah, ki yi wa Annabi, ki janye." Amsarta ba ta canza ba: "Kawu, ai ba a hannuna take ba, ku je ku roƙi gwamnati." Ɗaurin shekara 10 aka yi masa.

Ban ga laifin alƙalin ba, kuma na faɗa wa Magajiya haka. "An san shi" a bakin kotu na nufin an taɓa yanke masa hukunci, an ɗauki hoton yatsunsa an ajiye. Tsarin Mulki na 1992, sashe na 19, ya ce mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar ko ya amsa da bakinsa a gaban shari'a. Ranar da aka fara ɗaure mutane da "an ce", mu 'yan Zango ne za mu fara shan wuya. Matsalar tana tasowa ne in aka ɗauki wannan kalma ta kotu aka kai ta teburin ƙididdiga, aka karanta ta kamar tana nufin bai taɓa yi ba.

Abin da alƙaluman ƙasa ke aunawa

Hausawa sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Littafin hukuma ranar mai kaya kaɗai yake rubutawa.

A 2017 'yan sandan Ghana sun rubuta ƙarar lalata yara 1,686 da ta fyaɗe 514 a faɗin ƙasa. Ajiye wannan a gefe. Hukumar Lafiya ta Ghana ta ce daga 2016 zuwa 2020 yara mata 13,444 'yan shekara 10 zuwa 14 aka rubuta da ciki a asibitoci. In aka raba, ya haura 2,600 a shekara. Kowace ɗaya cikinsu, a idon sashe na 101, ba ta kai shekarun yarda ba. Kuma waɗannan su ne waɗanda ciki ya shiga, suka kuma zo awo. Babu 'yan shekara 15 a ciki, babu yara maza, babu irin 'yan mata ukun nan da ba wadda ta yi ciki. Littattafai biyu na gwamnati ɗaya, na ungozoma ya fi na ɗan sanda cika.

Ko tambayar mata kai tsaye ba ta ba da amsa ɗaya. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2022 ya sami kimanin kashi 14 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 da suka ce an taɓa tilasta musu. Binciken cin zarafi a cikin gida da aka fitar a 2016 ya sami kashi 30. Ba wai abin ya ragu da rabi ba ne. Na 2016 ya buɗe ma'anar, ya haɗa da taɓe-taɓe da maganganun batsa da ba a so. Sauya tambaya, adadi ya sauya. Ni kuma da na san yadda ake irin wannan hira a gidan haya, mai tambaya na zaune a kan benci, kishiya na wanke-wanke taku uku daga wurin, na san akwai "a'a" da yawa da ba a'a ba ne. A Ingila ma, inda ba a biyan kuɗin fom, binciken hukumarsu ya nuna cikin mutum 6 da aka yi wa fyaɗe, wadda ke kai ƙara ba ta cika ɗaya ba.

Akwai kuma waɗanda ma'anar doka ta fitar tun daga tushe. Fyaɗe a sashe na 98 mace ake yi wa. Namiji baligi da aka yi wa ƙarfi wani sashe yake faɗawa, ba za ka gan shi cikin 514 ɗin nan ba.

Bayan hukuncin, wasu iyaye mata a unguwar sun yi ƙarfin hali sun kai nasu ƙorafin kan wasu mazan daban. Wani mai faɗa a ji ya tare ni a bakin masallaci ya ce, "Malama, kun ɓata mana sunan unguwa, yanzu kullum mu ne a caji ofis." Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, da ma muna ciki, rubutawa ce ba a yi." Mai duba alƙaluma daga Akra zai ga unguwarmu ta lalace a shekarar da ta fara gyaruwa, ya ga unguwar da zaurenta ke haɗiye komai tana zaune lafiya.

Zai sake?

Wannan ce tambayar Magajiya ta biyu, kuma tana da amsarta tun kafin ta yi: hali zanen dutse, mai hali ba ya fasa halinsa. A lissafin unguwa, ɗari bisa ɗari ne.

Masu bincike a ƙasashen da ke bin sawun fursunoni sun sami abin da ya yi ƙasa da haka nesa. A Amurka an bi mutum 9,691 da aka saki a 1994 daga jihohi 15 bayan ɗauri kan irin wannan laifi. Cikin shekara 3, kashi 5.3 cikin 100 aka sake kamawa kan laifin lalata, kashi 3.5 aka sake yanke wa hukunci. Da aka bi waɗanda aka saki a 2005 daga jihohi 30 har shekara 9, kashi 7.7 aka sake kamawa kan fyaɗe ko makamancinsa, alhali kashi 67 an sake kama su kan wani laifi ko ma wane iri. Wani nazari da aka fitar a Kanada a 2004 ya sami kashi 14 bayan shekara 5, kashi 20 bayan 10, kashi 24 bayan 15.

Dubi yadda adadin ke tafiya: 3.5, 5.3, 7.7, 14, 24, 67. Duk amsar tambaya ɗaya ce wai, "zai sake?" Bambancin yana ga abin da aka kira sakewa, kamu ne ko hukunci, wannan laifin ne ko kowane, da kuma tsawon shekarun da aka jira. Na yarda waɗannan alƙaluma suna da abin koyarwa, ba kowane wanda aka ɗaure ne ke komawa ruwa ba, kuma karin maganar Magajiya ba hujja ba ce. Amma dukkansu agogonsu yana fara bugawa ne daga ranar da hukuma ta san mutum, kuma abin da ya dawo hannun hukuma kaɗai suke gani.

Ɗora mutuminmu a kan wannan ma'auni. Ya riga ya sake har sau biyu kafin agogon ya tashi. Ranar da ya fito, zai iya sauka Techiman ko Tamale, ko ya tsallaka Lome ko Yamai, don ɗan Zango ba ya rasa dangi a wani Zangon. In ya yi a can aka kashe maganar a zaure, ko aka rasa kuɗin fom, ko aka rubuta shi Bukari, to a takarda ya shiryu, zai shiga sahun waɗanda ake nunawa a ce gidan yari ya yi aiki. In kuma da gaske ya tuba bai ƙara ba, layin da za a rubuta masa iri ɗaya ne sak. Takardar ba ta iya bambance su.

An yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar. A 2018 an ƙaddamar da tsarin bin sawun shari'a ta kwamfuta, don 'yan sanda da ofishin Antoni-Janar da kotuna da gidajen yari su riƙa ganin fayil ɗaya. Katin Ghana, wato katin shaidar ɗan ƙasa mai lamba ɗaya da hoton yatsu, shi ne maganin Bukari da Abubakari in ana tambayarsa tun daga kan kanta a caji ofis. Da waɗannan biyun sun yi aiki a kan ƙara ta biyu, da aƙalla mai bincike ya san akwai wata a baya ya nemi yarinyar. Wasu na kiran a buɗe rajistar masu irin wannan laifi, kamar yadda Afirka ta Kudu ta yi da dokarta ta 2007, Najeriya kuma ta ƙaddamar da tata a 2019. To amma ginshiƙin rajista hukuncin kotu ne. Da mai injin na biyu ya je ya duba kafin ya ɗauke shi aiki, da fari tas zai gan shi. Ta farkon kuwa, babu kwamfutar da za ta shiga wancan zauren.

Lissafin unguwa

Kada a ɗauka littafin unguwa ya fi na hukuma gaskiya. Kafin a kama shi, ba wanda ya san komai. Bayan an ɗaure shi, kowa ya sani tun da daɗewa. A wurin suna na ji an ce biyar, a gidan rasuwa aka ce bakwai, har da wata da ta bar garin tun kafin ya zo Kumasi.

Muka zauna da Magajiya a ɗakinta, ta sa aka rufe ƙofa, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wa ya faɗa? Daga bakin wa ya ji? Uku muka iya tsayawa a kansu: wadda uwarta ta faɗa mini da bakinta kuma shi ya amsa a gaban liman, wadda ta kai ƙara, da wadda kotu ta tabbatar. Ta huɗu da ake ta liƙa masa, da muka matsa, sai ga shi mutanen gidan sun fi kowa son a ce shi ne, saboda wanda yarinyar ta fara ambata yana cin tuwo a gidan har yanzu. Magajiya ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce, "Wannan kuma a wane littafi za a sa ta, Malama?"

Yarinya ta biyu ba ta dawo Kumasi ba. Magajiyar 'yan kayayen ta kawo mini fom ɗinta bayan an yanke hukuncin, wai ko zai yi amfani. Yana cikin jakar takarduna, an naɗe shi gida huɗu, gefensa ya yi jan manja. Sama akwai hatimin caji ofis da sunanta, da wani suna da aka ce nasa ne. Wurin shekaru an rubuta 17, an soke, an rubuta 15 da alamar tambaya. Rabin shafin na ƙasa, inda likita zai cike, babu komai.